Duwatsu Bakwai a Hanyar Rijiya

Ni dai Allah ya halicce ni da saurin fushi, kuma aikin likita bai rage mini komai ba. Sunana Zalika. A shekarar 1986 ina aiki a likitar Buza, wato asibitin garin, ni ke yin allura, ni ke wanke gyambo, ni ce kuma mai faɗa da masu ajiye maras lafiya a gida sai ya kusa cikawa su kawo shi.

A ranin wannan shekara aka aiko mana babban likita, Lokotoro Lurwanu, daga Yamai. Mutumin Keita ne, ya yi karatu a Dakar, siriri, magana ma sai ka roƙe shi. Bincike ya kawo shi, kan yaran da ke da wani ciwon zuciya mai farawa da ciwon maƙogwaro da kumburin gaɓoɓi, daga baya ya lalata ƙofofin zuciya a hankali. Likitocin da ke fiɗar zuciya a Abijan suna son sanin yawan yaran da yadda ciwon ke tafiya a jikinsu, kuma daga cikin takardun da za mu aika za su zaɓi ƴan kaɗan su yi musu aiki. Kowane yaro sai mu ɗebi jininsa a ƙananan kwalabe biyu, mu goge maƙogwaronsa da auduga, Lokotoro ya saurari ƙirjinsa, ni kuma in cika takardar tambayoyi mai shafi huɗu. Ranar farko ya gaya mini dokar aikin.

"Madam Zalika, jini babu tarihi ruwa ne ja kawai. Takardar da ba ta cika ba, can za su ture ta gefe, ko yaron na mutuwa."

Mun yi Madawa, mun yi Galma, mun yi Allakaye. Ranar ƙarshe muka sauka a wani ƙauye bayan Deule, a kan tudu, babu abin da ya fi yawa a wurin sai dutse. Ƙanƙarar da ke cikin akwatin jini ba ta wuce la'asar, don haka dole motarmu ta kama hanyar Tawa, inda ake ajiye jinin, da azahar.

Hantsi ya fara zafi aka kawo yarinyar a kan jaki. Ƙanin ubanta, Ɗangana, shi ya sauko da ita. Sunanta Hamsatu, shekara goma sha huɗu, ramammiya, ƙafafu a kumbure, jijiyar wuyanta na harbawa kana gani daga nesa. Lokotoro ya daɗe da abin saurare a ƙirjinta, sannan ya miƙo mini. Abin da na ji kamar zugazugin maƙeri ne da ya huje. Ya juya baya ya ce mini da Faransanci, ƙasa-ƙasa, wannan ita ce irin wadda fiɗa ke ceta, in dai ba a wuce shekara ba. Ya ce in cika takardarta kamar ta ɗiyata.

Jini bai ba mu wahala ba, ta miƙo hannu ko motsi ba ta yi. Da na buɗe takarda ne aiki ya tsaya. Yaushe ta fara zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi? Sau nawa ya dawo? Yaushe haki ya fara? Tafiyar taki nawa take yi kafin ta tsaya? Na tambayi Ɗangana, ya sosa ƙeya.

"Likita, ni mi na sani? Tana haki dai. Wagga maganar mata ce."

Uban yarinyar, Bawa, yana cin rani a Abijan, sai ya shekara biyu bai leƙo ba. Kakarta da ta rene ta tun yaye ta rasu daminar da ta wuce. Ita kanta Hamsatu da na tambaye ta, cewa ta yi ita kullum haka ta san kanta. Na ce to ina uwarta, ko ita ma ta rasu? Ɗangana ya yi wata ƴar dariya da ta ƙona mini rai.

"Tana nan. Amma ɗiyar fari ce fa, likita. Kuma sunan uwarmu anka sa mata."

Na gane. Kunya biyu ke nan a wuri ɗaya. Mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi gaban mutane, balle wadda ke ɗauke da sunan uwar miji. Duk da haka na ce a kira ta.

Sunanta Kulu. Ta zo da goyo a baya, ta tsaya a bakin rumfa ta ba yarinyar gefe, idonta a ƙasa. Matan gari sun taru suna kallo. Na gaishe ta, ta amsa. Na yi tambaya ta farko.

"Ban sani ba," in ji ta.

Na yi ta biyu.

"A tambayi mutanen gida."

Na yi mata bayani da harshe mai sauƙi, cewa in takardar nan ba ta cika ba babu mai duba yarinyar, kuma yarinyar ba za ta kai shekara biyu ba. Ko gashin idonta bai motsa ba. Nan fa raina ya ɓaci, bakina ya riga hankalina.

"Haba baiwar Allah, akuya ma ta san ɗanta. Ke kika haife ta ko tsinto ta anka yi? Ɗiyarki na mutuwa kina tsaye kina kunya, kunyar nan za ki binne tare da ita?"

Wata tsohuwa ta ce subhanallahi. Kulu ta gyara goyonta, ta juya ta tafi. Hamsatu ce ta taɓa hannuna, tana numfashi da ƙyar.

"Ki ƙyale Yaya, likita. Ba ta yi komi ba."

Yaya take kiran uwarta, kamar yadda ta ji sauran yaran gidan na kira.

Na ja Lokotoro gefe na ce ya bari in cika takardar da kaina. Na ga irin wannan ciwo sau nawa, na san yadda yake tafiya, zan rubuta abin da ya yi kama da gaskiya. Ya dube ni ta saman tabarau.

"In suka buɗe ƙirjinta bisa ƙaryarki, ke za ki tsaya kusa da ita? Kuma ƙaryar za ta shiga lissafin sauran yara. A'a. Kin kunyata matar gaban jama'a, takarda kuma ba ta cika ba. Saura yara tara in duba. Kina da daga yanzu zuwa azahar."

Ban so jin haka ba, amma gaskiya ya faɗa. Kuma akwai abin da ban gaya masa ba. Ni ma ɗiyar fari ce. Uwata tana Madawa, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ranar da na kawo takardar gama karatu, tana tankaɗe, cewa ta yi wai an ce wasu sun gama lakkol, ta ci gaba da tankaɗenta. Na riƙe wannan abu a zuciya shekara da shekaru. Faɗan da na yi wa Kulu, rabinsa ba nata ba ne.

Na ɗauki takarda na tambayi gidan. Na same ta ita kaɗai tana ɗaure tulu. Na yi sallama, na ce ta yi haƙuri, bakina ne ya fi ni. Ba ta dube ni ba. Ta aza gammo, ta ɗauki tulu da guga, ta ce kamar da bango take magana:

"Ruwa ya ƙare. Mai son ganin rijiyarmu shi biyo."

Na so in ce ban zo yawon ganin rijiya ba, Allah ya taimake ni na haɗiye. Na bi ta.

Rijiyar na can ƙasa cikin kwari, hanyar gangara ce mai tsakuwa, rana na dukan ƙeya. Muka sauka har bakin rijiya. Ta ja ruwa ta cika tulu, na taya ta ɗauka. Muka kamo hawa. Ina duban agogo ina cizon leɓe. Wajen tsakiyar hanya, ƙarƙashin wani gawo, ta tsaya kusa da wani faffaɗan dutse a gefen hanya, ta nuna shi da baki.

"Wanga shi ne na fari. Rani huɗu ke nan."

Ban gane ba.

"Akwai wata yarinya nan unguwarmu," ta ce, tana kallon kwari. "Da can tana hawan wagga hanya da tulu tana waƙa. Rani huɗu da sunka wuce, bayan sallar layya, sai anka ga tana tsayawa nan ta dafa icce. Ba wurin zama, ƙasa duk ƙaya. Sai wata ta mirgino dutsi ta aza."

Sai a nan na gane. Na durƙusa na ɗora takarda a gwiwa, na buɗe alƙalami.

"Yarinyar nan ta unguwarku," na ce a hankali, "ta taɓa yin zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi kafin nan?"

"Tana shekara bakwai, tana famfara. Maƙoshi ya fara, kwana biyar ba ta haɗiyar tuwo. Ya warke. Bayan kwana ashirin gwiwar dama ta kumbura, ta sace, ya koma idon sawun hagu, ya koma gwiwar hannu. Tsohuwa ta sa anka yi mata ƙaho."

"Ya dawo?"

"Sau ukku. Lokacin dashen albasa, tana tara. Shekarar yunwa, da damina. Na ƙarshe bara, kwana goma bayan rasuwar tsohuwa."

Alƙalamina na gudu, ita kuwa ta ci gaba da hawa, ni ina biye. Ta nuna mini na biyu da na uku, ɗaya ƙasa da gawon, ɗaya sama, ta ce ranin da ya biyo aka aza su. Sauran huɗun duk a cikin shekara ɗaya da rabi. Duwatsu ne da na wuce su ɗazu ban ko gan su ba, don a garin nan wa ke kallon dutse. Yanzu da na duba, kowanne samansa ya yi sumul saboda zama, kuma an tokare ƙasansa da ƙananan duwatsu don kada ya yi rawa. Na ƙirga taki tsakaninsu. Daga rijiya zuwa na farko, a da, taki ɗari uku take yi. Tsakanin na shida da na bakwai taki arba'in ne. Amsar tambayar da ta fi kowace muhimmanci a takardar ke nan, a shimfiɗe a gefen hanya, shekara bayan shekara.

Muka zauna a kan na bakwai, kusa da bayan gida. Ta sauke tulu, ta juyo da goyon ta ba shi nono. Sauran tambayoyin ban ma gama yinsu take amsawa. Yarinyar ta daina kwanciya miƙe tun sanyin bara, a zaune take barci, an jingina mata buhun ƙaiƙayi. Ƙafa ta fara kumbura wata biyar da suka wuce, an gane ne don takalmin roba ya daina shiga, sai wata ta yanke bayansa da wuƙa. Ta yi tari da jini sau biyu, kaɗan, ta ɓoye tsumman a ƙarƙashin tabarma, wata ta gani ta wanke ta mayar inda yake.

"Yaya anka yi kika san yadda take barci?" na tambaya. "Ba ɗaki ɗaya kuke ba."

"Bango ɗaya ne tsakani. Na maida gadona wajen bangon."

Na ajiye alƙalami. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba a aikin nan.

"Kulu, don mi ba ki faɗi ba can? Da kin huta da bakina."

Ta ɗan yi murmushi, karo na farko.

"Gaban ƙanin miji da matan gari? Ke kin yi lakkol, likita, mu nan muke zaune. Ɗiyar fari ta uwayen miji ce, haka munka taras. Wadda ta nuna, dariya za a yi mata har ta tsufa. Wadda ba ta sani ba kuwa, Allah za shi tambaye ta. Sai mutum shi san yadda za shi yi."

Sannan ta tambaya, muryarta ta sauka.

"Wagga fiɗa, ana tashi?"

"Da yawa suna tashi. Wasu ba su tashi. Kuma ban yi miki alkawari za a zaɓe ta ba."

"In ba a yi ba fa?"

Na dubi tazarar dutse na shida da na bakwai. Ita ma can take kallo.

"Ba sauran wurin aza na takwas," ta ce. "In anka kira, a tahi da ita."

Layin ƙarshe na takardar yana tambayar wanda ya ba da bayani da dangantakarsa da maras lafiya. Na karanta mata, ta ce in rubuta wata mai ɗibar ruwa. Na ce to. Na rubuta uwa da Faransanci, da manyan baƙaƙe, tunda ba ta karatu. Ta roƙe ni kada yarinyar ta ji, na yi mata alkawari.

Ana kiran azahar na iso rumfa da gudu. Lokotoro ya karanta shafi huɗun a tsaye, ya sake komawa kan lissafin taki, ya cire tabarau ya goge. Ya tambayi wanda ya auna wannan. Na ce uwarta, da duwatsu. Ya ce tun da muka fara aikin nan bai ga takarda mai cika kamar wannan ba. Muka rufe akwatin jini, ƙanƙara ta fara zama ruwa, muka kama hanya.

Wata huɗu muna jira. Yara sittin da uku muka rubuta a zagayen nan, biyar aka kira. Ba zan ɓoye ba, ranar da wasiƙar ta zo na yi murna kuma na yi kuka, don sauran hamsin da takwas ɗin na san fuskokinsu, kuma abin da nake da shi dominsu allura ce kawai wata-wata. Sunan Hamsatu shi ne na biyu.

Ni aka aika in ɗauko ta zuwa Yamai, daga can jirgi ya kai ta Abijan inda ubanta ke jira. Da sassafe gari ya fito rakiya. Kulu ba ta fito ba. Daga cikin gida ana jin daka, luguden mutum ɗaya, ba ya tsayawa. Da can da na zage ta a zuciya, ranar nan ban yi ba.

Mota ta gangara ta gefen hanyar rijiya. Alkawarin da na yi yana damuna, don ban so yarinyar nan ta shiga hannun masu wuƙa tana zaton babu mai son ta. Ina neman ta inda zan fara, sai ta riga ni.

"Likita, in kin komo ki ce kada a taɓa mini duwatsuna."

"Kin san wanda ya aza su?"

"Na huɗu da tsohon ciki ta mirgino shi. Ina bayan rumbu ina kallo. Sau biyar tana hutawa." Ta numfasa. "Ban faɗi ba don kada ta ji kunya."

Na riƙe hannunta har muka wuce Deule.

A hanyar dawowa na tsaya Madawa wajen uwata. Ta ce an zo, ba ta dube ni ba, ta dama fura ta turo mini ƙwarya da ƙotar ludayi. Na kurɓa. Babu barkono a ciki, alhali duk gidan da barkono suke sha, ni kaɗai ce ba na so tun ina ƙarama. Shekara ashirin da bakwai ina shan furar nan ban taɓa tambayar kaina wa ke ware mini dawo daban ba. Na shanye tas, na ce a ƙaro.

Bayan wata bakwai Bawa ya dawo da ɗiyarsa, da tabon ɗinki daga wuya zuwa ciki, ta yi kumatu. Allurarta ta wata-wata ta zama tilas har ta girma, ni kuma na ce ni zan riƙa kai mata. Zuwana na farko na tarar sun tafi rijiya, sai na tsaya a kan tudu ina hango su. Hamsatu na gaba da ƙaramin tulu, Kulu na baya da nisa, kamar ba tare suke ba.

Ta wuce dutsen da ke can ƙasa. Ta wuce gawo ba ta ko kalle shi ba. Ina ƙirgawa, na san akwai mai ƙirgawa a baya. Ta wuce na biyar, ta wuce na shida, numfashinta lafiya lau. Da ta iso na bakwai, kusa da inda nake, sai ta sauke tulu ta zauna. Na yi maza na kama hannunta ina neman bugun jini.

"Kin gaji? Ƙirjin ne?"

"A'a, likita. Ko kusa."

"To mi ya zaunar da ke?"

"In na wuce su duka, za ta ga kamar na gama da ita."

Kulu ta iso. Ta ga ɗiyarta a zaune, ƙafarta ta tsaya cak, ruwa ya fantsalo daga tulu ya jiƙa mata kafaɗa. Ta dube ni, na girgiza mata kai alamar babu komai. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta gyara tulu, ta ɗaga kai sama, ta ce da iska:

"Mutane sun samu lahiya, sun koyi lalaci."

Ta yi taki biyu za ta wuce, sai ta dawo, ta sauke tulunta kusa da na yarinyar. Dutsen ba shi da faɗi. Hamsatu ta matsa, Kulu ta zauna a gefen da ya rage ta ba ta baya, kowacce na kallon nata ɓangaren kwari, bayansu a haɗe. Na ɗauki jakata na koma gindin rumbu, na ce allura ta jira.